Shawara: Ina so in mai da binciken asalin zuri'a sana'a, Baba ya ce tonon asiri ne

Assalamu alaikum. Ni budurwa ce a cikin birnin Kano. Na karanta kimiyyar sinadaran jiki a jami'a, na gama hidimar ƙasa, har yanzu aiki bai samu ba. Tun ina ƙarama nake son jin labarin kakanni, kuma na ga a intanet cewa a Amurka da Ingila akwai masu cin abinci da binciko wa mutane asalinsu, har da gwajin DNA. Na tara ɗan kuɗi, ina so in yi odar kayan gwajin guda goma in fara. Baba ya ce wannan ba sana'a ba ce, tonon asiri ne, zan raba zumunci a banza. In haƙura ne, ko akwai hanya? — 'Yar'uwarku daga Gwale

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa.

Kada ki haƙura, amma kada ki yi odar kayan gwajin nan. A Kano wannan aiki a bakin tsofaffi yake, sai takardun da ke ƙasan adaka da ɗakunan ajiyar tarihi. DNA shi ne na ƙarshe, kuma a yawancin ayyukan da za a kawo miki ba za ki ma neme shi ba. Abin da kika gani a ƙasashen can ya tsaya ne a kan abubuwan da mu ba mu da su. Ingila ta fara rubuta haihuwa da aure da mutuwa a hukumance tun 1837, Amurka tana ƙidayar jama'arta duk shekara goma tun 1790. Mu kuwa dokar wajabta rajistar haihuwa da mutuwa da ake aiki da ita ta 1992 ce, kuma shekarun da ke jikin takardar rantsuwa ta kotu sau da yawa kintace ne. Sannan can miliyoyin mutane sun riga sun yi gwajin, shi ya sa wanda ya yi yau gobe yake ganin 'yan'uwansa a jere. Bakano in ya yi, waɗanda zai tarar 'yan ƙalilan ne, kuma na nesa.

Maganar Baba ki riƙe ta da daraja, domin tana da tushe. Turawa sun ci Kano a 1903, kuma ba a soke bauta kwata-kwata a Arewa ba sai 1936. Wato cikin kakannin kakannin mutanen da ke raye yau akwai bayi, akwai sa-ɗaka, akwai waɗanda suka zo fatauci suka saje da gari, akwai ɗan riƙo da agola da aka riƙa kira da sunan maigida har aka manta. A garin da ake binciken asali kafin a ba da aure, kalma ɗaya daga bakinki tana iya rushe baikon wata. Abin da za ki nuna masa shi ne aikin yana da wata fuskar. Hadisi ya zo a Tirmizi cewa mu koyi abin da za mu sada zumunci da shi daga nasabarmu, kuma Muslim ya ruwaito cewa sukar nasaba tana cikin ɗabi'un jahiliyya. Tsakanin waɗannan biyun sana'arki take. Kada ki yi jayayya da shi. Ki nemi izininsa ki fara da gidanku, ki kawo masa salsalar mahaifinsa a rubuce, shi ya fara karantawa, shi ya ce a cire abin da yake so a cire kafin kowa ya gani.

Kuɗin da kika tara ki sayi ƙaramar na'urar ɗaukar murya, ko ki ware waya ɗaya don haka, da ma'ajiyar bayanai ta waje guda biyu, da manyan littattafan rubutu masu kauri. Ki sauke manhajar Gramps, kyauta ce kuma ba ta buƙatar intanet. A cikinta kowane aure ki buɗe masa gidansa daban, domin a wurinmu mutum ɗaya yana iya yin aure shida ko bakwai a rayuwarsa, kuma in kika zuba 'ya'yan duka a ƙarƙashin uba ba tare da ɗakunan iyayensu mata ba, aikin ya lalace tun daga tushe.

Kasancewarki mace babbar dama ce a nan. Maza sukan lissafo layin uba, wane ɗan wane, su tsaya. Wanda ya san wa ya auri wa, wace ce ta fita ta dawo, wane jariri ne ya koma kafin suna, wa ya sha nonon wa, tsofaffin mata ne a cikin gida, inda namiji baƙo ba ya shiga. Ki fara da wadda ta fi kowa tsufa, kada ki jira. Zama ɗaya kada ya wuce minti 45 zuwa awa guda, kuma ki koma sau biyu ko uku, domin abin da ya fi amfani yakan fito ne bayan tsohuwa ta kwana tana tunani. Ki yi hira da kowa shi kaɗai. In kika tara su a tsakar gida, babba zai yi magana, saura su ce haka ne, kin samu shaida ɗaya ke nan kina zaton biyar. A farkon kowace ɗauka ki faɗi kwanan wata da wuri da sunan mai magana, shi kuma ya faɗi da bakinsa cewa ya yarda a ɗauka. Tambayar da za ki riƙa maimaitawa ita ce: kin gani da idonki, ko gaya miki aka yi, kuma wa ya gaya miki?

Suna shi ne ramin da masu farawa suka fi faɗawa. Alkunya tana hana uwa faɗin sunan ɗanta na fari, tana hana mace faɗin sunan miji ko suruki, saboda haka za ki ji Abba, Baffa, Ummi, Mai-sunan-Malam, ba tare da sunan yanka ba. Ki tambayi wani daban, ko ki tambayi wa aka yi wa takwara. Mutum ɗaya zai fito miki da sunaye uku a wurare uku: Abubakar a takardar gida, Garba a bakin 'yan'uwa, sunan garinsu a rajistar makaranta, tunda makarantun boko na da sukan liƙa wa yaro sunan gari ko unguwa. Kuma saboda ana maimaita sunan kaka ga jika, ana yawan haɗe mutum biyu su zama ɗaya. In kika ga wani a salsala ya yi shekara 130 yana haihuwa, to biyu ne. Amma sunayen suna da amfaninsu. A tsarin da, Sani shi ne Muhammadu na biyu, Salisu na uku, Rabi'u na huɗu, don haka Rabi'u yana nuna miki akwai uku a gabansa da ya kamata ki nema, ko da sun rasu suna yara. Gambo yana nuna tagwaye a gabansa, Tanko yana nuna yayye mata, Audi yana nuna uban ya rasu kafin a haife shi. Waɗannan alamu ne na inda za ki tona, ba hujja ba ne, domin yanzu ana sa sunayen don sha'awa kawai.

Shekaru kuma da sarakuna da manyan abubuwa ake kamo su. Ki haddace jerin: Abdullahi Maje Karofi ya hau a 1855, Yaƙin Basasar Kano ya tashi a 1893, Abbas 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953, sai Sanusi, sai Inuwa da Ado Bayero a 1963. Ki ƙara da isowar jirgin ƙasa a 1911, zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, canjin kuɗi zuwa naira a 1973, rikicin Maitatsine a ƙarshen 1980. In tsohuwa ta ce tana goyon ɗanta na biyu Sarauniya ta zo, kin samu shekararsa da kuskuren da bai wuce shekara ɗaya ko biyu ba. Ki rubuta "wajen 1955", kada ki ƙirƙiro rana da wata. Malamai da yawa sukan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu a bangon Alƙur'ani ko a gefen littafi da shekarar Hijira. Ki ninka ta da 0.97 ki ƙara 622: 1321 za ta ba ki 1903. In da ramzi aka rubuta shekarar, wato da haruffa, ki tuna lissafin malamanmu na Magribi ne, inda harafin shinun yake 1000, ba na Gabas ba, inda angai ne 1000. Wanda bai san wannan ba zai ɓata da ɗaruruwan shekaru. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki cewa koyon karatun ajami da rubutun hannu na Larabci ya fi miki kowane kwas na DNA gaggawa.

Takardun iyali ki ɗauke su a hoto a gidan masu su, kada ki fita da su: takardar cinikin gida, wasiƙun fatake, rasit na haraji, fasfo na aikin hajji, ijazar malamai, bayan tsofaffin hotuna. Daga nan sai ɗakunan ajiya. A Kano akwai Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa, da Gidan Makama, da sashen rubuce-rubucen Larabci na laburaren Jami'ar Bayero. A Kaduna akwai Gidan Ajiyar Takardu na Ƙasa, inda fayilolin lardin Kano suke ƙarƙashin KANOPROF, na sakatariyar Arewa kuma ƙarƙashin SNP, sai Arewa House. Ki shiga da sanin abin da za ki samu: rahotannin Turawa na kimanta haraji sun ambaci hakimai da dagatai da asalin garuruwa, amma da wuya su ambaci talaka da suna. Talaka a bayanan shari'a yake fitowa, a rigimar gona da gida da gado, irin bayanan majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914 da suka tsira. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, tana taimakawa ga ma'aikatan En'e da 'yan kasuwa. Unguwa ma shaida ce: Sharifai, Madabo, Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi, Dandalin Turawa (wato Larabawa), Agadasawa, kowace tana faɗin daga inda mutanenta na farko suka zo. Maroƙa da masu kirari sun haddace salsalar manyan gidaje, ki saurare su, amma ki sani sana'arsu yabo ce, sukan tsallake wanda bai yi suna ba su haɗa jika da kakan kakansa kai tsaye.

Yanzu DNA. Gwajin iri uku ne. Na Y yana bin layin uba zalla, maza kaɗai ke yin sa. Na mitokondiriya yana bin layin uwa zalla, kowa yana iya yi. Na ukun, wanda ya fi arha, yawanci ƙasa da dala 100, yana duba kuromosom 22 da mutum ya gada daga ɓangarorin biyu, kuma shi ne ke nuna dangi na kusa, zuwa kamar kakanni biyar ko shida. Ana auna kusanci da santimogan, a taƙaice cM. Uba da ɗa suna haɗa wajen 3,500, shaƙiƙai wajen 2,600, 'yan uba ko 'yan uwa ɗaya wajen 1,750, 'ya'yan wa da ƙani wajen 850, jikokin wa da ƙani wajen 230.

Ga inda lissafin yake rikicewa a Kano. Wannan 1,750 ɗin ba na 'yan uba kaɗai ba ne: kaka da jika ma haka suke, baffa da ɗan ɗan'uwansa ma haka. A gidan da baffa yake sa'an ɗan wansa, shekaru ba za su raba miki gardama ba. Sannan auren zumunci yana kumbura adadin. In wa da ƙani suka auri ya da ƙanwa, 'ya'yansu za su haɗa kusan abin da 'yan uba suke haɗawa. Kamfanin zai rubuto cewa wataƙila uba ɗaya ne, wanda bai iya karatu ba ya ɗauki wannan ya shiga gari da shi, alhali babu abin da ya faru sai auren gida. Ma'aunin da ke shafin DNA Painter, wanda kowa ke amfani da shi, an gina shi ne galibi a kan mutanen da ba sa auren dangi. Saboda haka ba a karanta sakamako sai an riga an zana salsalar ɓangarorin biyu. Ki kuma yi watsi da guntayen DNA da aka haɗa waɗanda ba su kai 7 cM ba, da yawansu dace ne kawai. Rashin haɗuwa ma ba ya kore dangantaka ta nesa, domin waɗanda suka haɗa kaka na biyar kusan rabinsu ba sa nuna komai.

Kason ƙabila da kamfanoni ke bayarwa, kaza cikin ɗari Nijeriya, kaza Mali, kintace ne da ke canzawa duk lokacin da suka sabunta ma'auninsu. Kada ki sayar wa kowa da shi a matsayin asali. Za a zo miki da buƙatar a tabbatar da sharifta ko zuwan kaka daga Makka ko Yaman. Ki faɗi gaskiya tun kafin a biya: babu gwajin da ke ba da shaidar sharifta. Kuma in aka koma baya kakanni goma, mutum yana da gurabe 1,024 a salsalarsa, gwajin Y kuwa a kan gurbi ɗaya tak yake magana. Inda gwajin yake da amfani na gaske shi ne irin wannan: gida a Koki da gida a zangon Kumasi suna cewa kakansu ɗaya, ɗan fataucin goro, ko dangi a nan da wasu a Mai Wurno ta Sudan, inda mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka zauna bayan yaƙin Burmi. A gwada namiji mafi tsufa daga kowane ɓangare, da yardarsu. Kamfanin FamilyTreeDNA ne ya fi shahara da gwajin Y, kuma shi da MyHeritage gogen cikin kunci suke karɓa, wanda ya fi wa tsoho sauƙi a kan tara yawu. Kada ya ci, ya sha ko ya tauna goro na awa guda kafin a goga. Kafin ki karɓi kuɗin kowa ki tabbatar kamfanin yana aikowa Nijeriya yana kuma karɓar samfur daga nan.

Akwai aikin da ba za ki taɓa karɓa ba ko nawa aka ajiye: miji yana zargin ɗa, ko 'yan'uwa suna son fitar da wani daga gado. A shari'a ɗa na mai shimfiɗa ne, hanyar kore shi li'ani ce a gaban alƙali, kuma ƙazafi yana da haddin bulala 80 a Suratun Nur. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar Musulmin duniya ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 2002, ta hana amfani da gwajin don kore nasaba ko sake tantance wadda ta riga ta tabbata, ta halatta shi a irin musayar jarirai a asibiti, da yaran da suka ɓata, da wanda ba a san nasabarsa ba. Duk wanda ya zo da irin wannan ki tura shi kotu. Haka kuma ba a gwada mutum a ɓoye, ba a gwada yaro. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta sa bayanan ƙwayar halitta cikin masu tsananin sirri. Ki gaya wa mai gwaji cewa samfurinsa ƙasar waje zai zauna, kuma ba a hannunki kariyarsa take ba: a 2023 an saci bayanan mutum kusan miliyan 7 daga kamfanin gwaji na 23andMe, a 2025 kamfanin ya shigar da takardar karyewa.

To ina kuɗin yake? Mafi tabbas a Kano shi ne gado a kan gado. Cikin birni cike yake da gidajen da mai su ya rasu shekara hamsin ko sittin ba a raba ba, magada sun mutu sun bar magada. Ba ke za ki raba ba, wannan na alƙali ne da malaman fara'id. Naki shi ne ki kawo cikakken jerin magada da jerin wanda ya riga wani rasuwa, da shaidar kowane. Jerin nan shi ne komai: jikan da mahaifinsa ya riga kakan rasuwa ba ya gado in akwai ɗa namiji a raye, jaririn da ya yi kuka sannan ya koma ya ci gado ya bar wa mahaifiyarsa, matar da aka saka saki na kome tana cikin idda miji ya rasu tana da rabonta. Waɗannan su ne iyali ke mantawa, kuma lauyoyi suna buƙatar mai haƙurin tono su. Bayan wannan akwai littafin tarihin gida da taswirar zuri'a don taron zumunci, da tarihin gidajen sarauta da na malamai da attajirai, da taimaka wa masu bincike na jami'a da hira da fassarar ajami, da Hausawan Ghana, Sudan da Saudiyya masu neman dangin da aka bari a gida. Baƙaƙen fatar Amurka ma za su tuntuɓe ki da sakamakon da ya ce su Hausawa ne. Ki karɓe su da mutunci, ki nuna musu tarihi da gari, amma kada ki haɗa su da wani gida ki ce danginsu ne, gwajin bai kai nan ba.

Ki sa farashi a kan aiki, ba a kan sakamako ba: kaza na hira da rubutawa, kaza na kowace rana a ɗakin ajiya, kuɗin mota da masauki da ɗan alherin da ake yi wa tsofaffi daban, rabi kafin a fara. Wanda ya biya don sakamako zai matsa miki ki samo masa kakan da yake so. Ki yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, amma shekara biyun farko ki haɗa da wani aikin, koyarwa ko ɗakin gwaje-gwaje, domin zumunci a ƙafa yake, kasuwar ma haka, daga gida zuwa gida za ta bazu. Ki gama gidaje uku kyauta ko da rangwame, naku da na mahaifiyarki da na wani aminin Baba, su zama abin nunawa. Don ƙarin ilimi, shafin ISOGG, ƙungiyar masu binciken asali da DNA, kyauta ne, Jami'ar Strathclyde tana koyar da fannin ta intanet, kuma digiri na biyu a tarihi a Bayero ko Zariya zai buɗe miki ƙofofi. Ƙa'idar ƙwararru ita ce a bincika duk inda ya kamata, a faɗi inda aka samo kowace magana, a gwada ruwayoyi da juna, a warware saɓani ko a bayyana shi, sannan a rubuta dalili. A rahotonki ki raba abin da ya tabbata da abin da ya rinjaya da abin da ake faɗa kawai.

Kafin kowane aiki a sa hannu a yarjejeniya mai shafi ɗaya, da Hausa. Ta faɗi wanda ya mallaki muryoyin da hotunan, ta faɗi cewa ba za a sa sunan mai rai a intanet ba sai da izininsa, ta kuma tambayi mai aikin tun da wuri: in an ci karo da abin da ba a zata ba, yana so a gaya masa ko a bar shi? In ya ce a gaya masa, shi kaɗai za ki gaya wa, baki da baki, ba ta WhatsApp ba, kuma ba ya shiga littafin da za a raba a taro. Irin wannan bayani ki ajiye shi a fayil daban mai kalmar sirri, da lambobi a madadin sunaye, makullin lambobin kuma a littafin hannu da ba ya fita daga ɗakinki.